Wankin bututun bindigar gargajiya

Wankin bututun bindiga shi ne aikin fitar da dauɗar da harbi ke bari a cikin bututu, a busar da ƙarfen, sannan a shafa masa mai don kada ya yi tsatsa. A birnin Zariya wannan aiki ya fi shafar bindigar gargajiya wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, irin wadda 'yan bindigar Sarkin Zazzau ke bugawa lokacin hawan Sallah, da wadda maharba ke fita da ita daji da rani. Abin da ake wanke bututu da shi ya danganta ne da irin dauɗar da ke ciki. Dauɗar albarushi yawancinta gishiri ce, kuma ruwa ne ke narkar da gishiri, mai ba ya iyawa. Dauɗar raifil ta zamani kuwa baƙin gawayi ce da ɓurɓushin jan ƙarfe, waɗanda ruwa ba ya taɓawa sai sinadari. Rashin rarrabe waɗannan biyu yana daga cikin abubuwan da ke sa bututu ya ruɓe ta ciki alhali bayansa yana sheƙi, har wata rana ya fashe a hannun mai shi.

Sunaye da asalin kalmomi

Hausawa suna kiran bindigar ɗuri da sunaye da dama, kamar bindigar gargajiya, bindigar toka, bindigar baushe, adaka, da harba-ka-ruga. Sunan ƙarshe ya samo asali ne daga jinkirin sake ɗura ta: wanda ya harba sau ɗaya bai samu ba, sai ya nemi wurin tsira kafin ya sake ɗuri.

Manyan kalmomin wannan fanni aro ne daga Larabci. Kalmar bindiga ta fito daga bunduƙiyya, albarushi daga al-barud, harsashi kuma daga ar-rasas, wato dalma, domin da dalma ake yin ƙwayar harbi. A kalmomin biyu na ƙarshe Hausa ta aro su ne tare da ɗafin al- na Larabci, ya zama ɓangaren kalmar, kamar yadda ya faru a alƙalami da albasa. Sauran sunayen sassan bindiga kuwa na gida ne, an ɗauko su daga jikin mutum ko dabba: baki, gindi, da kunama, wato abin da ake ja da yatsa a tayar da harbi.

Tarihi

Bindiga ta daɗe a wannan yanki. A ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Borno ya kafa rundunar 'yan bindiga da taimakon Turkawa. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce an kawo bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743. Ya kuma ce Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. A Zazzau, M. G. Smith ya nuna a littafinsa na 1960 kan tsarin mulkin masarautar cewa Sarki Yero, wanda ya yi sarauta daga 1888 zuwa 1897, ya kafa rundunar 'yan bindiga daga cikin bayinsa.

Yawancin bindigogin wancan lokaci daga bakin teku suke zuwa, inda 'yan kasuwar Turai ke sayar da doguwar bindiga mai ƙyastu. Mutanen Denmark da ke da sansani a Christiansborg, cikin Accra ta yau, suna daga cikin masu wannan fatauci, shi ya sa har yanzu dokokin Najeriya suke jingina sunan bindigar gargajiya ga Denmark. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniyar Brussels, wadda ta hana sayar da raifil na zamani a yawancin Afirka amma ta bar ƙofa ga bindiga mai ƙyastu da albarushin kasuwa. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa bindigar ɗuri ta ci gaba da zama a hannun jama'a bayan Turai ta daina amfani da ita, maƙera kuma suka ƙware wajen gyara ta da ƙera ta.

Bayan da Turawan Ingila suka shiga Zariya a 1902, bindigar ɗuri ta daina zama makamin yaƙi, ta koma ta farauta da gadi da bukukuwa. A yau 'yan bindiga suna cikin tawagar sarki a hawan Sallah, da hawan Bariki, da hawan Daushe, da bikin naɗin sarauta, kamar lokacin da aka naɗa Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli a 2020. Bugun da suke yi na albarushi ne zalla, ba a sa harsashi, domin ƙara da hayaƙi ake nema. Duk da haka dauɗar da irin wannan bugu ke bari ba ta gaza ta harbin farauta ba, sau da yawa ma ta fi ta yawa, saboda ana bugawa a kai a kai daga filin idi har ƙofar fada.

Dauɗar da harbi ke bari

Albarushi haɗi ne na gawayi, farar wuta, da wani gishiri mai suna fotashiyam naitiret. Idan ya kama wuta ba ya ƙonewa duka ya zama iska. Fiye da rabin nauyinsa, kusan kashi 55 cikin 100, yana komawa abu mai ƙauri. Wani ɓangare yana fita a matsayin farin hayaƙin da ake gani, sauran kuma yana manne wa bangon bututu.

Abin da ke mannewar ya ƙunshi fotashiyam kabonet, fotashiyam salfet da fotashiyam salfaid, tare da ragowar gawayi. Na farko shi ne irin gishirin da ke cikin tokar murhu, wanda mata ke tatsa su yi ruwan toka don miya ko sabulu. Na ƙarshe shi ke ba bindigar da aka buga warin ruɓaɓɓen ƙwai idan ta jiƙe. Wannan dauɗa tana da halaye biyu da suka shafi wanki. Na ɗaya, tana jawo laima daga iska, kamar yadda gishirin miya ke jiƙewa da damina ko ba a zuba masa ruwa ba. Na biyu, tana narkewa cikin ruwa cikin sauƙi.

Halin farko shi ne cutar, na biyu kuma shi ne maganin. Dauɗar da ta sha laima tana zama ruwan gishiri a kwance a jikin ƙarfe, tsatsa kuma tana iya farawa cikin kwana ɗaya idan iska na da laima. Tsatsar cikin bututu ba ta tsayawa a sama. Tana haƙa ƙananan ramuka, ramukan su riƙe dauɗar harbi na gaba, wadda tsumma ba ya kaiwa gare ta, sai ramin ya ƙara zurfi. Wurin da ya fi lalacewa shi ne gindin bututu, inda albarushi ke zama, kuma nan ne ƙarfin fashewa ya fi tsanani.

A raifil ta zamani labarin daban ne. Tun da Paul Vieille na Faransa ya samar da albarushi marar hayaƙi a 1884, kusan dukkan abin da ke cikin kwanson harsashi yana ƙonewa, ba ya barin gishiri mai yawa. Abin da ke saura shi ne baƙin gawayi mai tauri, da ɓurɓushin jan ƙarfen da aka lulluɓe harsashi da shi, wanda ke gogewa a jikin murɗaɗɗun tsagogin da ke cikin bututu. Idan harsashin dalma ne tsirara, to dalmar ce ke mannewa.

Zaɓen abin wanki

Ƙa'idar da masana sinadarai ke bi ita ce kowane abu yana narkewa ne a cikin ɗan'uwansa. Gishiri yana narkewa a ruwa, maiƙo yana narkewa a mai, ƙarfe kuma sai sinadarin da ke cin sa. Don haka tambayar farko ita ce me aka harba da bindigar, kafin a tambayi me za a zuba mata.

Ruwa. Shi ne abin wankin bindigar ɗuri, kuma babu wani abin sayarwa da ya fi shi narkar da gishirin albarushi. Ana ɗan sa sabulu don ya kwashe maiƙon da ya gauraya da dauɗar. Ruwan zafi ya fi saurin aiki, yana kuma ɗumama ƙarfen ya bushe da wuri, sai dai ƙarfen da ya bushe da zafi yakan yi jan tsatsa ta sama cikin 'yan mintoci idan ba a shafa mai nan take ba. Ba a amfani da ruwan da ke da gishiri ko kanwa.

Kananzir da man dizal. Suna narkar da tsohon mai da ya daskare, suna kuma sassauta tsatsa da baƙin gawayi. Ba sa narkar da gishiri. Wanda ya wanke bindigar ɗuri da kananzir kaɗai zai ga tsumma ya fito da baƙi, ya ɗauka ta fita, alhali gishirin yana nan.

Fetur. Yana wanke maiƙo, amma tururinsa yana kama wuta daga nesa. Ba a kusantar da shi wurin da ake ajiye albarushi ko ɗakin da ke da murhu ko fitila.

Man inji. Amfaninsa kariya ne bayan wanki. Idan aka zuba shi a kan dauɗar albarushi, ko aka bar shi da yawa a bututu aka buga a kansa, yakan haɗu da dauɗar ya zama baƙin abu mai danƙo kamar kwalta, mai wuyar fita. Baƙin mai, wato wanda aka juye daga injin mota, ya fi muni, domin yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da ragowar ƙuna. Man keken ɗinki mai tsabta ya fi dacewa da shafa ta ƙarshe.

Man tsiro da kitse. Kafin zuwan man fetur, da kitse da man tsiro ake kula da bindiga a ko'ina cikin duniya, kuma suna da amfani ɗaya: suna sa dauɗar albarushi ta zauna da laushi. Man gyaɗa da man kaɗanya suna iya yin wannan aiki, amma idan suka daɗe sukan yi ɗoyi su yi danƙo, don haka ba su kai man ma'adinai ba wajen ajiya mai tsawo. Kitsen da aka sa wa gishiri kuwa tsatsa yake kawowa. Batun kitsen bindiga ya taɓa zama babban al'amari a tarihi. A 1857 sojojin Indiya, Musulmi da mabiya addinin Hindu, sun yi bore bayan labari ya bazu cewa an shafa wa harsashin sabuwar bindigar Enfield kitsen alade da na saniya, alhali da haƙori ake yage takardarsa.

Amoniya. Ita ce ke cin jan ƙarfe, shi ya sa take cikin sinadaran wankin raifil da yawa. Alamar tana aiki ita ce tsumma ya fito shuɗi. Ba ta da amfani a bindigar ɗuri, kuma tana ɓata adon tagulla da ke jikinta.

Abubuwa masu tsami. Ruwan batir, ruwan tsami da ruwan lemun tsami suna cire tsatsa, amma suna cin ƙarfen da ke ƙarƙashinta, suna kuma goge baƙin launin kariya da ke bayan bututu. Ba a zuba su a cikin bindiga.

Akwai kuma sinadaran kamfani da aka yi musamman don wannan aiki. Hoppe's No. 9, wanda Frank Hoppe ya haɗa a Amurka a 1903, an yi shi ne don dauɗar albarushi marar hayaƙi. Ballistol, wanda aka samar a Jamus a 1904, yana gauraya da ruwa ya zama fari kamar madara, shi ya sa masu bindigar ɗuri a Turai da Amurka suke amfani da shi: ruwan ya narkar da gishiri, idan ya bushe kuma man ya saura a jikin ƙarfe. WD-40 an yi shi ne don korar ruwa daga ƙarfe, yana da amfani bayan wanki da ruwa, amma ba ya maye gurbin wankin.

Darasin tsatsa a ƙarƙashin mai

Tarihin sojoji ya tabbatar da cewa mai ba ya wanke gishiri. A farkon ƙarni na 20, bayan an koma albarushi marar hayaƙi, raifil ɗin sojoji sun ci gaba da tsatsa ko da an goge su an shafa mai. An daɗe ana ɗora laifin kan sabon albarushin. A 1922 Wilbert Huff na Hukumar Ma'adinai ta Amurka ya nuna cewa matsalar tana cikin makunnin harsashi ne, wato ɗan abin da ke gindin kwanso wanda ke ba da tartsatsi. Makunnin wancan zamani yana da fotashiyam kuloret, wanda idan ya ƙone yake barin fotashiyam kuloraid, ɗan'uwan gishirin miya. Mai yana rufe wannan gishiri ne kawai, shi kuma ya ci gaba da jawo laima yana cin ƙarfe a ƙarƙashi.

Maganin bai wuce ruwa ba. Sojojin Ingila sun kasance suna zuba tafasasshen ruwa ta mazurari a cikin bututun Lee-Enfield bayan harbi, sannan su busar su shafa mai. Har yau akwai tsofaffin harsasan soja masu irin wannan makunni, kuma duk raifil ɗin da aka harba su da ita tana buƙatar ruwa kafin sinadari.

Yadda ake wanke bindigar ɗuri

1. A tabbatar babu ɗuri a ciki. Bindigar ɗuri ba ta nuna ko a ɗure take, don haka akan yi wa sandar ɗuri alama a daidai baki lokacin da bututu yake fanko. Idan aka zura sandar alamar ta tsaya sama da baki, to akwai abu a ciki. A duk tsawon aikin ba a juya baki wajen mutum.

2. A cire makunni, a raba bututu da itace idan bindigar tana rabuwa. Idan ba ta rabuwa, a kifa ta yadda ruwa ba zai shiga tsakanin ƙarfe da itace ba.

3. A tsoma gindin bututu cikin bokitin ruwan ɗumi mai sabulu, a naɗe tsumman auduga a kan sanda, a riƙa turawa ana ja. Tsumman yana aiki kamar famfo, yana zuƙo ruwa ta ƙaramar kafar wuta yana mayarwa, ta haka ake wanke kafar da gindin bututu tare.

4. A canza ruwa har sai ya daina baƙi, sannan a ɗauraye da ruwa mai tsabta.

5. A busar da busassun tsummoki ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe ya fito ba laima. Akan jingine bututun a rana, bakinsa a ƙasa, don sauran ruwa ya tsiyaye.

6. A shafa mai kaɗan da tsumma, ciki da waje. Abin da ake so shi ne ƙarfe ya yi sheƙi, ba ya riƙa ɗiga ba.

7. A goge wajen kunama da kewayen kafar wuta da jiƙaƙƙen tsumma, domin tartsatsi yana watsa dauɗa a nan, sannan a busar a shafa mai.

8. Bayan kwana biyu ko uku a sake zura tsumma. Idan ya fito da ja, gishiri ya saura a ramuka, sai a maimaita wankin.

Ana yin wannan aiki ne a ranar da aka yi harbi. A kwanakin Sallah, da ake hawa kwana da kwanaki a jere, kowane yini yana buƙatar nasa wankin. Kafin a sake ɗuri kuma akan goge man da busasshen tsumma, saboda man da ya taru a gindi yana jiƙa albarushi ya hana shi tashi.

Wankin raifil

Raifil irin ta soja, a doka, ta jami'an tsaro ce. Zariya kuwa tsohon garin horar da sojoji ce, domin a nan Depot na sojojin Najeriya yake tun 1924, kuma kula da makami yana cikin darussan farko da kurtu ke koya. Bambancin wankin raifil da na bindigar ɗuri yana cikin abubuwa uku.

Na farko, ana zura sanda ko igiyar wanki ne daga gindi zuwa baki idan ƙirar bindigar ta ba da dama. Gefen bakin raifil shi ne wuri na ƙarshe da harsashi ke taɓawa, kuma idan sanda ta goge shi ta ci gefe ɗaya, harbi ya daina zuwa daidai. Na biyu, ana jiƙa bututu da sinadari, a bar shi 'yan mintoci, a bi da burushin tagulla, sannan tsummoki. Ba a juya burushi a tsakiyar bututu, sai ya fita ta ɗaya gefen. Na uku, sinadari mai amoniya da yawa ba ya kwana a ciki. Ana bin lokacin da aka rubuta a jikin kwalba, a goge shi tas, a shafa mai. Irin wannan sinadari yana cin burushin tagulla ma, har tsumma ya yi ta fitowa shuɗi bayan bututun ya fita, shi ya sa ake haɗa shi da burushin roba.

Dalmar da ta manne ba ta da wani sinadari marar haɗari da ke narkar da ita da sauri. Da burushi ake kankare ta bayan an jiƙa ta da mai.

Yanayin Zariya

Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba, kuma ya fi yawa a Agusta. A wannan lokaci iska tana da laima ƙwarai, bangon ƙasa na tsofaffin gidajen cikin ganuwa kuma yana riƙe danshi. Bindigar da aka jingine a lungun ɗaki ko aka tura ƙarƙashin gado ba a wanke ba tana cikin yanayin da ya fi kowane saurin kawo tsatsa. Da yake farauta aikin rani ce, damina ita ce lokacin da bindigar maharbi ke zaman ajiya, wato lokacin da ba a duba ta.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, matsalar takan juya. Iska ta bushe, tsatsa ta ragu, amma dauɗar albarushi tana saurin ƙeƙashewa ta yi tauri tsakanin bugu da bugu, har ɗuri ya riƙa wuya. Ƙurar hunturu kuma tana manne wa mai, ta zama kamar yashin gugar ƙarfe a wajen kunama. Don haka mai kaɗan ake so da rani, a ƙara kulawa da shi da damina.

Lokacin Sallah ma yana da tasiri. Shekarar Musulunci tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka hawan Sallah yana zagaya yanayi. A 2025 Ƙaramar Sallah ta zo a ƙarshen Maris, cikin bazara, Babbar Sallah kuma a farkon Yuni, bayan ruwa ya sauka. Bindiga ɗaya ke nan ta yi aiki a yanayi biyu cikin wata biyu da 'yan kwanaki.

Wajen ajiya, an fi son a rataye bindiga nesa da ƙasa da bango, ba a cikin kube na fata ko leda ba, domin dukansu suna tsare laima. Akwai kuma zanzaro, wanda ke son gina ɗakinsa na laka a cikin rami irin na bututu. Akan rufe baki da ƙyalle mara kauri da aka ɗaura ta waje, ba a cusa tsumma ciki, saboda tsumman da aka manta a ciki shi kansa toshiya ne.

Haɗurra

Fashewar bututu ita ce babbar illar rashin wanki. Bindigogin da maƙera ke yi sau da yawa daga bututun ƙarfe ne da aka yi don wani aiki daban, kaurinsa bai kai na bindigar masana'anta ba, wani ma yana da layin walda a tsawonsa. Idan tsatsa ta ci irin wannan ƙarfe ta ciki, ɗurin da ya saba ɗauka yana iya fasa shi, kuma hannun da ke riƙe da bututu da fuskar mai harbi su ne mafi kusa. Bututun da ya kumbura, ko ya tsage, ko yake fitar da hayaƙi ta inda ba a saba ba, ya gama aiki, wanki ba ya gyara shi.

Dauɗa mai kauri tana iya riƙe garwashi bayan bugu. Idan aka zuba sabon albarushi a kai sai ya tashi nan take. Shi ya sa ake goge bututu da tsumma mai ɗan laima tsakanin bugu, ba a kuma zuba albarushi kai tsaye daga babban mazubinsa. Kafar wuta da ta toshe da dauɗa ko mai takan sa bindiga ta yi jinkirin tashi bayan an ja kunama. Wanda ya gamu da haka ba ya leƙa baki, yana ci gaba da nuna ta wurin da ba kowa har tsawon lokaci.

Dalma guba ce, musamman ga yara. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Ruwan wankin bindigar farauta da tsummokinta suna iya ɗaukar ɓurɓushin dalma, don haka ba a wanki da kwanon abinci, ba a zubar da ruwan kusa da rijiya ko inda yara ke wasa, kuma ana wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci. Sinadaran wanki kuma ana amfani da su ne a fili ko inda iska ke shiga. Ba a taɓa haɗa amoniya da bilic, domin haɗin yana fitar da iska mai guba.

Doka

Mallakar bindiga a Najeriya tana ƙarƙashin Dokar Makamai ta 1959, wadda ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko makaman da aka haramta ne, irin na soja, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu bindigogin amfanin kai ne, kamar ta harbin tsuntsaye, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku bindigogin ɗuri ne, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta kuma sa ƙera bindiga da yin sana'ar gyaranta a ƙarƙashin izini. Wankin da mai bindiga ke yi wa tasa kulawa ce ta yau da kullum, amma aikin da ya kai ga kwance gindin bututu, ko fitar da tsohon ɗurin da ya maƙale, na maƙerin da ke da izini ne.